Alamar Da Ba A Wasa Da Ita

Ku da kuka cika mini waya da tambayar ko na ba Jailam amsa, ku gyara zama. Ku kuma da yau kuka fara cin karo da ni, sunana Shaufa, aikina kai baƙi nutso a ƙarƙashin tekun tsibirinmu.

Jailam ɗan mai masaukin baƙin da nake wa aiki ne, shi ke riƙe da ɓangaren nutso tun da ciwon ƙafa ya zaunar da mahaifinsa. Ba zan ci amanarsa ba, yana da kyau, matsalar kawai ya san yana da shi. Irin samarin nan ne da ko gaishe ka za su yi sai sun fara duba gashinsu a gilashin taga. Tun bayan ƙaramar sallah ya aiko manya gidanmu da maganar aurena. Na ce a ba ni lokaci in yi tunani, mahaifiyata Mamma kuwa ta mayar da tunanin nan abin gorinta safe da yamma.

Ranar da abin ya faru, da na fito bayan sallar asuba na tarar da ita a kicin tana murza kifin tuna da kwakwa da albasa, gurasarmu ta roshi na gasuwa a kasko. Wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jar rigarta mai zaren zinariya a wuya, wadda ba ta fitowa sai biki, tana rataye a ƙofar ɗaki an goge ta tas.

"Mamma, wa ke aure?"

"Rigata ce, in na ga dama in sa ta in share tsakar gida," ta ce ba ta ko waiwayo ba. "Ke dai ki sa ɗankwalin nutson nan mai ruwan hoda. Baƙin ɗankwalin nan yana mayar da ke kamar hankaka."

Daga nan ta ɗauko karatun da na haddace. Wai in na auri Jailam sai in huta da shiga ruwa, in zauna a ofis cikin sanyi ina yi wa baƙi murmushi, fatata ta dawo irin ta mutane. Wai ƙanwarta Sakeena Dhatha ta ce duk tsibirin nan babu yarinyar da za ta ja wa yaron nan rai sai ni mai ƙashin tsiya. Mahaifina, da muke kira Bappa, yana zaune a kujerar igiya a ƙarƙashin bishiyar mangwaro da baƙin shayinsa. Shi ne kyaftin ɗin jirgin nutsonmu, tun kafin a haife ni yake tuƙi a tekun nan. Kullum in Mamma ta fara sai ya ƙifta mini ido ta saman kofi. Ranar bai ɗago kai ba, ni kuma ban kawo komai a raina ba.

Ina ɗaura ɗankwali, baƙin dai, saƙon Jailam ya shigo. "Yau ni zan tsare miki baya a ruwa. Ki yi kyau."

Na rubuta masa, "Kifi zan burge?"

Ya turo mini fuskar dariya da zuciya guda uku. Na yi tsaki na jefa wayar a jaka, amma ba zan ɓoye muku ba, sai da na yi murmushi.

Baƙinmu na ranar ba su da yawa. Akwai wani mutum da matarsa 'yan Koriya, sun ƙware, ba ruwansu da kowa. Sai Madam Leela, wata dattijuwa daga birnin Bangalore, malamar makaranta da ta yi ritaya, da furfurarta a yanke gajere. Da mijinta suka koyi nutso, ya rasu bara, kuma wannan ne karon farko da za ta shiga ruwa babu shi. Muna barin gaɓa ta matso kusa da ni a benci, ta riƙe mini tsintsiyar hannu da yatsunta masu sanyi.

"Shi ne yake kula da ni a ƙasa," ta ce. "Kada ki sake ni, 'yata."

Na ce mata ba zan sake ta ba. Da bakina na faɗa.

A aikinmu ba a shiga ruwa sai kowa da abokinsa, idonka a kansa, idonsa a kanka. Ni ce a gaba tunda ni ke nuna hanya, don haka na haɗa Madam Leela da Jailam, na ce masa ko da wasa kada ya yi nisa da ita. Ya dafa ƙirji ya rusuna mata har ta yi dariya. Sai na tsaya na yi musu bayanin da nake yi kullum: inda iskar gaggawa take a jirgi, yadda za su maƙala ƙugiya a dutse in ruwa ya yi ƙarfi, da yadda za su hura doguwar balan-balan mai ruwan lemo in sun tsinci kansu su kaɗai a sama. Na sa Madam Leela ta gwada tata a gabana sau biyu. Jailam ya raɓo ta bayana yana raɗa cewa baƙo hutu ya zo yi, ba wa'azin mutuwa ya zo ji ba, in rage tsorata mutane kada su rubuta mana baƙar magana a intanet. Shi kullum damuwarsa ke nan, baƙo ya koma gida yana yabo. Ban kula shi ba, na ci gaba zuwa alamomin hannu.

Akwai wata alama guda da nake so ku riƙe. In iskarka ta ƙare a ƙasa, sai ka miƙe tafin hannu ka riƙa gittawa a maƙogwaro. Duk wanda ya gani zai bar abin da yake yi, ko mene ne, ya zo ya ba ka bututun numfashinsa na biyu. Malamin da ya koya mana nutso, ni da Jailam aji ɗaya, ya taɓa sauke wani ɗalibi daga jirgi a tsakiyar darasi don ya yi ta da wasa a kan benci. Kowa a sana'ar nan ya san ba a taɓa ta sai da gaske.

Da muka isa bakin mashigar da ke tsakanin tsibiran murjani, na fara faɗawa ni kaɗai don in duba ruwa. Yana fita ne zuwa babbar teku, kuma da ƙarfinsa. Na hau na gaya wa Bappa. A irin wannan rana wurin kyaftin a waje yake, a bakin mashiga, idonsa a kan kumfar numfashinmu, don duk wanda ruwa ya fizge nan zai biyo. Bappa ya gyaɗa kai yana kallon sitiyari.

Muka sauka lafiya. Kowa ya maƙala ƙugiyarsa a gefen dutse, ruwa na kaɗa mu kamar shanya, manyan kifayen shak suna gilmawa a gabanmu cikin natsuwa. Na waiga na ga idanun Madam Leela ta cikin gilashi, sun ƙanƙance don murna. Na ji daɗi har raina. Na ce yau matar nan za ta yi barci mai daɗi.

Sai na hango Jailam. Ya saki ƙugiyarsa, ruwa ya fara jan sa baya, hannunsa yana kai da komowa a maƙogwaro.

Ban yi tunani ba, jikina ne ya yi aikin. Na ɓalle ƙugiyata na bi shi, na cusa masa bututuna na biyu a baki, na damƙi ɗamarar rigarsa. Kafin in juyo ruwa ya riga ya raba mu da dutsen. Na ƙwanƙwasa tukunyar iskata da ƙarfe ina nuna wa sauran su hau. 'Yan Koriyan suka gani suka amsa. Madam Leela bayanta ne a gare mu, tana kallon kifi, tana da tabbacin abokinta na gefenta. Na ci gaba da ƙwanƙwasawa har ta zama ɗan duhu a cikin shuɗin ruwa, daga nan ban ƙara ganinta ba.

Jailam yana ta mutsu-mutsu, yana ƙoƙarin kai hannu aljihu. Na ɗauka firgita ce, na ƙara shaƙe shi da riƙo. Babu addu'ar da ban yi ba. Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai ku: a lokacin nan zuciyata ta ce, ya Allah in ka fitar da shi da rai, na amince, zan aure shi. Ashe ina son sa, sai da na ga zan rasa shi na sani. Hawaye nake yi a cikin gilashi.

Da muka kusa sama muka tsaya ɗan jiran da ake yi don jiki ya saba, sai na jawo agogon iskarsa in ga abin da ya faru. Allurar tana sama da rabi.

Na kalli agogon, na kalle shi. Murmushi yake yi da bututuna a bakinsa. Ya zaro ƙaramar kyamara a kan sanda ya saita mu, sannan ya buɗe wani ɗan akwati a gaban fuskata. Zobe ne, an ɗaure shi da zare don kada ruwa ya tafi da shi.

Wallahi ban san yadda na ƙarasa sama ba. Ina fitar da kai na tofar da bututu.

"Ina Madam Leela?"

"Shaufa, ki dubi zoben mana. Tun daga birnin Malé na..."

"Ina matar da na ba ka?"

Ya waiga hagu da dama kamar wanda ya ajiye takalmi a ƙofar masallaci. Ya ce ai tana da ƙugiya, tana nan inda muka bar ta, minti biyu kawai ya tsara abin zai ɗauka, ni ce na riƙe shi da ƙarfi na ja shi sama. Ku ji fa, ni ce ma mai laifin.

Na juya neman jirgi, babu jirgi a bakin mashiga. Tun da na fara aikin nan ban taɓa ɗago kai na rasa Bappa a wurinsa ba. Can sai ga shi ya ɓullo ta bayan tsibiri, ta gefen da ruwa ke kwance, kuma da ƙyar na gane shi. An yi masa ado da ganyen kwakwa da furanni, an rataya jan ƙyalle a rufinsa, ma'aikatanmu biyu suna buga ganga suna waƙa. Ashe can suka ɓuya suna ɗaure-ɗaure tun da muka nutse. Ashe kowa ya sani, har da rigar Mamma.

'Yan Koriyan suka ɓullo kusa da mu da balan-balan ɗinsu. Bappa ya leƙo daga wurin tuƙi yana ɗan murmushin kunya, idonsa ya bi kawunan da ke kan ruwa, sai na ga murmushin ya mutu. Ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya.

Na hau jirgi ban ko cire tukunya ba. "Bappa, ka san da wannan?"

Ya miƙa hannu ya fizge ganyen kwakwar da ke rataye a gabansa, ya jefa shi a ruwa, ya tsaya yana kallon inda zai nufa. Ganyen ya miƙe zuwa babbar teku da gudu. Ya juya jirgi ya bi shi, ɗaya hannun a kan rediyo yana kiran duk jirgin da ke kusa, masunta da na sauran masaukai, muryarsa na karyewa. Na so in koma ƙasa in duba dutsen, ya ce a'a, macen da ta waiga ta ga babu kowa ba za ta zauna ba, sakin ƙugiya za ta yi ta bi mu.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san rana ta taso daga kafaɗa ta dawo tsakiyar ka. Na hau rufin jirgi ina dubawa har idanuna suka fara ganin launin lemo a ko'ina. Duk igiyar ruwan da ta taso sai in ce ita ce. Matar Bakoriyen tana kuka a hankali. Jailam kuwa yana zagaye da tire yana ba su ruwan kwakwa da yankakken kankana, yana ce musu kada su damu, irin wannan yakan faru, an saba. Da ya miƙo mini kofi sama, kallon da na yi masa ya sa ya sauke hannunsa.

Bappa ne ya fara hango ta. Wani ɗan tsinke mai ruwan lemo, can nesa inda tsibirinmu ya koma kamar zare a bayanmu. Ta rungume balan-balan ɗin da hannu biyu, leɓɓanta sun tsage, fuskarta ta ƙone. Na faɗa ruwa na jawo ta. Muka kwantar da ita a benci, na ɗora mata iskar gaggawa, ina shafa furfurarta ina kiran sunanta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta janye abin daga bakinta.

"Kin ce ba za ki sake ni ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Sai Jailam ya durƙusa a gefenta da muryar nan tasa ta tarbar baƙi, ya ce bututunsa ne ya lalace a ƙasa, Shaufa ta ceci ransa, jaruma ce. Ya ce masauki ya ɗauke mata sauran kwanakinta, za a shirya mata cin abinci na musamman a bakin teku, in tana son tausa ma akwai. Madam Leela ta kau da kai daga gare shi. Idonta yana kan furannin da suka rage a rufin jirgi, da kek ɗin da ke leƙowa daga ƙarƙashin tawul a ɗaya bencin. Na gane kek ɗin, a farantin Mamma yake.

Muka kai ta asibitin tsibiri, likita ya duba ta ya ce ta sha ruwa ta huta, Allah ya tsare. Na koma wurin wanke kaya ni kaɗai. Ina zazzage aljihun rigar nutsona sai akwatin nan ya faɗo a kwatami. Ko yaushe ya cusa mini shi, oho. Kafin in ɗauka waya ta yi ƙara, saƙon Jailam ne.

"Duk wanda ya tambaye ki, bututuna ne ya lalace. Na goge hoton."

Wani saƙon ya sake shigowa.

"Ki yi tunani. In maganar ta fita, ni faɗa kawai za a yi mini. Wanda ya bar bakin mashiga shi za a karɓe wa takardar tuƙi. Don Bappa nake faɗa miki. Ina son ki."

Na karanta shi ya fi a ƙirga, a tsaye, ruwa na zuba a ƙafata. Mutumin da na yi wa kuka a ƙarƙashin teku da safe, shi ne ya ɗora wuƙa a wuyan mahaifina kafin la'asar, ya kuma rufe da yana sona. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Bappa ba shi da wata sana'a sai jirgin nan.

Da na shiga gida bayan la'asar, tsakar gida cike take. Mamma ta sa jar rigar, Sakeena Dhatha da maƙwabta sun jera gulha da bajiya, soye-soyen kifi irin namu, a tire, shayi na tururi. An gaya musu wai wata baƙuwa ta ɗan yi nisa an ɗauko ta, shi ke nan. Bappa yana kujerarsa ta igiya, ko rigar aiki bai cire ba, ya zuba wa ƙasa ido. Mamma ta hango akwatin a hannuna, ta dafe ƙirji ta juya wurin ƙanwarta.

"Ba na gaya miki ba? Ta karɓa."

Mata suka taso mini da murna, wannan ta ja kumatuna, waccan ta ce in buɗe su gani. Ina tsaye kamar an dasa ni. A cikin hayaniyar ne na ji an yi shiru daga bakin ƙofa, shirun ya biyo har inda nake. Madam Leela ce, da audugar asibiti manne a bayan hannunta, ta tambayi hanya har gidan kyaftin. Ta dubi tiren, ta dubi rigar Mamma, ta dubi abin da ke hannuna.

"Ba ƙara na zo kaiwa ba tukuna," ta ce da Turanci. "Na koyar da yara shekaru masu yawa, na san fuskar wanda aka sa shi yin ƙarya. Tambaya ɗaya ce da ni. Bikin wa ake yi a jirgin nan lokacin da nake kiran sunan mijina a tsakiyar teku?"

Mamma ba ta jin Turanci. Ta ja hannun rigata tana yi wa baƙuwar fara'a. "Me take cewa? Murna ta zo taya mu? Ki ce ta zauna mana, ga shayi."

A daidai lokacin na ji ƙarar babur ɗin Jailam ya tsaya a waje. Wayata ta yi motsi a aljihu, ban duba ba, na san abin da ke ciki.

Na kalli Bappa. Na tuna ranar da ya fara jefa ni a ruwa ina 'yar mitsitsiya, yana tsaye har ƙugu yana cewa in zo, yana nan. Na ajiye akwatin zoben a tsakiyar tiren gulha, a gaban Mamma da kowa. Na jawo wa Madam Leela kujera, na ce ta zauna, zan gaya mata wanda ya sake ta. Amma da na zo farawa sai harshena ya ƙi, don duk ta inda na ɗauko labarin sai ya bi ta kan jirgin da ba ya bakin mashiga.

Jailam ya shigo da fara'arsa da kwandon 'ya'yan itace a hannu. Ya ga zoben a cikin tire, ya ga Madam Leela, ya tsaya cak.

Sai kujerar igiya ta yi ƙara. Bappa ya miƙe a hankali, ya zaro makullin jirgi daga aljihu ya ajiye shi kusa da zoben. Karon farko a ranar ya dube ni ido cikin ido.

"Ki fassara wa baƙuwar nan duka, ɗiyata, kada ki rage komai," ya ce. "Ki fara da sunana."